Alƙalamin Tawada na Gado: Wa Zai Gaya Maka Samfurinsa Kafin Ka Sallama?

Bayan sadakar arba'in ɗin Baffanmu, a wani ƙauye da ke gefen Ringim, aka buɗe adakarsa a gaban magada. Marigayin ya yi aikin magatakarda tun zamanin En'e, don haka ba wanda ya yi mamakin ganin takardu da tambarin roba da tsohon agogon aljihu. A can ƙasa, cikin wani ƙyalle, sai ga alƙaluman tawada guda uku. Yayanmu ya ɗaga ɗaya ya ce, "Biro ne, a ba yara." Kawu ya karɓe ya ce, "Kai dai ba ka san abu ba, wannan da shi Yaya ya dawo daga hajji, ko hakimi ya ara sai ya tsaya a kansa." Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen wani dillali mai yawon sayen tsofaffin kwabbai da tasoshi, ya zo ya taya duka ukun a dunƙule. Aka ce albarka. Ba don an san darajarsu ba, sai don saurin da yake yi ya ba kowa tsoro.

Duk wanda ya samu kansa a irin wannan hali, matsalarsa ba wurin sayarwa ba ce tukuna. Matsalarsa ita ce bai san me ke hannunsa ba. Sunan kamfani kaɗai ba ya yanke farashi. Parker na da alƙalamin ɗan makaranta, yana da na manya. Montblanc ma haka. Mai saye na gaskiya samfuri yake tambaya: 149 ne ko 144, 51 ne ko 21, na wane zamani ne, an taɓa canja masa baki ko ba a taɓa ba. Sabon Montblanc 149 a kantin kamfani kuɗinsa ya haura dala 1,000, alhali ga wani ɗan Sin mai suna Jinhao 159, mai kusan irin siffarsa da kaurinsa, da ake sayarwa 'yan daloli. Kama da wane ba ta wane.

Hanyoyi biyar ne a gaban mutumin karkara: ya duba da kansa, ya tura hotuna ga masana ta intanet, ya kai wa 'yan gwal, ya kai wa dillalin kayan da, ko ya nemi kantin da kamfanin ya amince da shi.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuɗi: data, kuɗin mota, la'ada, da yinin da za ka bar gona ko kasuwa.

Na biyu ƙwarin amsa. Akwai amsar da za ta tsaya ko a gaban wa, akwai wadda mai saye na farko zai rushe da tambaya ɗaya. Idan abin gado ne, musamman in akwai marayu a ciki, wannan ma'aunin shi ne babba, domin kai ne za ka yi wa sauran magada bayanin yadda aka yi aka sallama a kan kuɗi kaza.

Na uku sauƙi, wato ko wanda ke Garki ko Sumaila, da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, zai iya.

Na huɗu haɗari, kuma iri biyu ne: a lalata alƙalamin wajen gwaji, ko a yi maka wayo. A nan tambaya ɗaya nake yi wa kowace hanya: wanda zai ba ni amsa, yana da riba idan ya rage wa kayana daraja?

Duba da kanka

Kayan aikin duk suna gida ko maƙwabta: rular 'yan makaranta, fitilar waya, farar takarda, maganaɗisun tsohuwar sifika, da ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ko waya ke sa wa a ido. In babu shi, tabaran karatun wani dattijo ma yana taimakawa. Wurare huɗu ake karantawa: bakin alƙalamin, zoben da ke bakin murfi, maƙalin aljihu da zoben da ya riƙe shi, sai yadda yake shan tawada. Idan rubutun jikin ya shafe, shafa masa ɗan alli ko hoda ka goge da yatsa, harufan za su fito.

Montblanc kamfanin Jamus ne da ke Hambug, tun 1906. Alamarsa farar tauraruwa mai kusurwa shida marasa tsini a saman murfi. Manyan alƙalumansa su ne Meisterstück, da aka fara a 1924, kuma a bakinsu za ka ga lamba 4810, wadda take nufin tsayin dutsen Mont Blanc a mita. Mutane da yawa suna ɗauka ita ce lambar samfuri. Ba ita ba ce. Lambar samfuri tana kan zoben murfi a da yawa daga cikinsu, a tsofaffi ƙwarai kuma tana can ƙasa kan abin murzawa. A tsohon tsarin lamba uku, ta farko matsayi take nunawa: 1 na sama, 2 na tsakiya, 3 mai araha. Ta ƙarshe girman baki. Shi ya sa 149, wanda ya fito a 1952, ya fi kowa girman baki da kauri, 146 ke biye masa.

Idan babu lamba, duba shan tawadarsa. 149 da 146 ba a buɗe cikinsu: ƙasan ake murzawa, wani famfo a ciki ya zuƙo tawada daga kwalba, kuma akwai 'yar taga mai zane-zane kusa da wurin riƙo da ake ganin tawada ta cikinta. 144 da 145 na zamani sirara ne, ana kwance gangar jikinsu a sa kwanson tawada, wato ɗan bututun roba mai tawada a ciki. Tsakaninsu kuma, murfin 144 zarewa ake yi, na 145 murzawa. Kada ka dogara da tsawo kaɗai wajen raba 149 da 146, domin dukkansu suna tsakanin santimita 14 da 15. Kauri ne ya raba su. To, in ka ga alƙalami ya ce shi 149 ne amma yana cin kwanso, ka san ƙarya yake.

Shekaru ma suna da alama. In an rubuta W.-Germany, an yi shi ne kafin haɗewar Jamus a 1990 ko dab da ita. Lambar siriyal, wato wadda kowane alƙalami ke da tasa, a kan zoben maƙali sai wajen 1991 aka fara, saboda haka rashinta a alƙalamin da aka saya zamanin Shagari ba aibi ba ne. Kalmar Pix a ƙarƙashin maƙali ta zo ne daga baya, a ƙarshen shekarun 1990. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: wasu alƙaluman da kamfanin ya yi don kasuwar ƙasashen Larabawa, maimakon tauraruwa farin ɗigo ko fara mai kusurwa uku aka sa musu. Wanda mahaifinsa ya sayo a Jidda, kada ya yi saurin cewa jabu ne don bai ga tauraruwa ba.

Sai gwajin fitila. Shiga ɗaki mai duhu, ka haska fitila mai ƙarfi cikin murfin baƙin Meisterstück. Robar asali tana nuna ja-ja kamar ruwan zoɓo. In baƙi ƙirin ya tsaya, ko kuma murfin ƙarfe ne aka shafa wa fenti har yana da sanyi da nauyi a hannu, akwai magana. Amma masu jabu sun koyi wannan ma, don haka jan alama ce, ba hukunci ba.

Parker shi ne ya fi yawa a adakokin iyayenmu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da alƙalai. George Parker ne ya kafa shi a 1888 a Amurka, kuma an daɗe ana ƙera shi a Ingila, wanda shi ne ya fi shigowa ƙasar nan. Maƙalinsa siffar kibiya ce. Parker 51, na 1941, bakinsa a lulluɓe yake, ɗan tsininsa kawai ke leƙowa. Kwance gangar jikin: in ka ga bututun ƙarfe da ɗan wurin dannawa a gefe, na 1948 zuwa sama ne, in kuma wani ɗan murfi ne a ƙasa da ake kwancewa a danna sanda, ya girmi haka. Matsalar ita ce 'yan uwansa masu kama da shi sun yi yawa. Akwai Parker 21, ƙaninsa mai araha, wanda bakinsa ba gwal ba ne kuma robarsa na saurin tsagewa. Akwai Hero 616 ɗan Shanghai, wanda da yawa daga cikinmu muka yi jarrabawa da shi. Akwai kuma sabon 51 da aka sake fitarwa a 2021, mai murfin murzawa da kwanso. Karanta bakin murfi da bututun ciki, galibi sunan na nan.

Parker 45, na 1960, mai kwanso ne, yana da kyau amma an yi shi da yawan gaske, kada ka sa rai da shi sosai. Parker 75, na 1964, wanda jikinsa azurfa ce mai zanen ƙananan murabba'ai, wannan kam a riƙe shi da kyau. In ya yi baƙi-baƙi azurfar ce ta dafe, ba lalacewa ba ce. Daga 1980 kamfanin ya riƙa sa harafin shekara a bakin murfi daga kalmar QUALITYPEN: Q ita ce 1980, U 1981, A 1982, haka har N 1989, sannan a sake zagayowa daga 1990. Parker Sonnet kuwa, duk da sabo ne a kan waɗannan, yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu.

Pelikan ɗan Jamus ne, maƙalinsa kamar bakin tsuntsu, sanannensa mai koren ratsi-ratsi. A na zamani ba ya rubuta samfuri a jiki, sai da rula: M400 wajen santimita 12 da rabi, M600 ya ɗan haura 13, M800 wajen 14, M1000 ya fi su duka. M200 girmansu ɗaya da M400, amma bakinsa ƙarfe ne. A tambarin saman murfi, 'ya'yan tsuntsu biyu na nufin kafin 2003, ɗaya kuma bayan nan. Sheaffer farin ɗigo ne alamarsa, kuma da yawansu bakin a manne yake cikin wurin riƙo kamar an dasa shi.

A kan baki, 585 ko 14K na nufin gwal kashi 58.5 cikin 100, 750 ko 18K kashi 75. In maganaɗisu ya kama baki, ba gwal ba ne. In bai kama ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, domin akwai ƙarfen da ba ya kamuwa. In kuwa ka ga an rubuta Iridium Point Germany a bakin abin da ke kiran kansa Montblanc, rufe zancen, jabu ne.

Kuɗin wannan hanya kusan babu. Amsarta tana da ƙwari wajen gane kamfani da samfuri, tana da rauni wajen jabu mai kyau. Haɗarinta daga hannunka ne. Alƙalamin da ya shekara talatin cikin zafin adaka da bushewar hunturu, tawada ta daskare a cikinsa, robarsa ta yi gautsi. In famfo ya ƙi murɗuwa kada ka tilasta. Kada ka kusanto da ruwan zafi, fetur, kananzir ko sifirit. Jiƙa bakin kawai cikin ruwan randa ya kwana. Kuma don Allah kada a gwada shi da tawadar allo: ƙaron da ke cikinta zai toshe hanyoyin tawadar, ka jawo wa kanka aikin da babu mai yin sa a kusa.

Tura hotuna ga masana ta intanet

Akwai masu tara alƙaluma a duniya da suka san waɗannan abubuwa kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa, kuma suna da zauruka a Facebook da wasu wurare inda suke duba hoto kyauta. Mafi yawansu ba sayen naka za su yi ba, abin sha'awa ne kawai a wurinsu. Wannan ne ya sa nake ganin amsarsu ta fi ta duk wanda zai taya.

Amma amsarsu daidai take da hotonka. Ɗauka da hantsi a inuwa, kan farar takarda, ba da filasha ba. Hoton alƙalamin a rufe kusa da rula, a buɗe, bakin ta gaba, bakin ta baya, rubutun zoben murfi, zoben maƙali, saman murfi, da wurin shan tawada. Bayan baki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin daga siffar baƙar robar da ke ƙarƙashinsa masana kan gane zamanin da aka yi 149 ko 146. In akwai siriyal, rubuta ta a Google kai kaɗai: masu jabu kan buga lamba ɗaya a kan dubban alƙaluma, in ka ga taka ta fito a wurare da yawa ka samu amsa. Wajen sa hoto a fili kuwa, rufe rabin lambar.

Binciken hoto na Google Lens yana da amfani wajen ba ka sunan da za ka fara da shi, iyakarsa ke nan. Zai nuna maka Hero ya ce Parker.

Kuɗi: data, da wataƙila hawa babur zuwa inda sabis ke da ƙarfi. Sauƙi: matsakaici, saboda da Turanci ake yi, sai ka nemi ɗalibi ko malamin makaranta ya rubuta maka. Alƙalamin bai bar hannunka ba, don haka babu abin da zai same shi. Haɗarin yana cikin saƙonnin da za su biyo baya a asirce: wani zai ce yana Turai zai saya ninki biyu, ka fara tura kuɗin aike, wani zai turo alat na bogi. Kada ka haɗa tambaya da ciniki a zama ɗaya. Kuma ka jira mutum uku ko huɗu su yi magana, domin a can ma akwai masu karambani. Adana hoton amsoshin, za su yi maka amfani a gaban magada da mai saye.

'Yan gwal

Wannan ce hanyar da ta fi zuwa wa mutanenmu a rai, domin an saba kai 'yan kunne da sarƙar gado. Ɗan gwal zai gaya maka abu ɗaya tak: bakin gwal ne ko ba gwal ba. Bai san 146 ba, bai san 51 ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba sana'arsa ba ce. Farashin da zai ba ka na nauyin gwal ne, alhali bakin alƙalami galibi bai kai giram 1 ba. Ka sayar da doki a kuɗin linzami ke nan.

Mu mun ɗanɗana. Ɗaya daga cikin ukun nan Yayanmu ya kai wani shago a birni, mai shagon ya zare bakin da filaya, ya goga shi a dutsen gwaji, ya ɗiga masa ruwan gwaji. Gwal ne, ya tabbata. Amma bakin ya dawo a karkace, kuma ɗan ƙwallon da ke tsininsa, wanda shi ne ke taɓa takarda, ya gutsure gefe guda. Wannan ƙwallon ba gwal ba ne, wani ƙarfe ne mai tauri da ake liƙawa, kuma in ya tafi rubutu ya tafi. Mun sayi sanin abin da lambar 585 ta riga ta gaya mana kyauta, mun biya da lafiyar alƙalamin.

Murfi mai ruwan gwal ma yana ruɗin mutane. In an rubuta gold filled ko rolled gold, ko aka sa 1/10 12K, shimfiɗa ce kawai a kan wani ƙarfe. Gogawa a dutse sai ta bar tabo.

Amfani ɗaya da nake gani a wurinsu shi ne sikelinsu da gilashinsu. Roƙi a auna maka alƙalamin gaba ɗaya ba tare da an kwance komai ba. Pelikan M800, saboda famfonsa na tagulla, ya kusa ninka M400 nauyi, kuma jabun Montblanc mai jikin ƙarfe yakan fi na asali nauyi sosai. Ka ce masa, "Alhaji, awo kawai nake so, kada a goga." Ka kuma tsaya a wurin.

Dillalin kayan da

Ko wanda ke yawo ƙauyuka ranar kasuwa, irin su Wudil ran Juma'a da Maigatari ran Alhamis, ko masu rumfunan tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi. A cikinsu akwai masu ido, sun ga kaya da yawa, sun san wanda baƙi ke nema. Hanya ce mai sauƙi, cikin Hausa, kuma kuɗi a hannu nan take.

Sai dai mai gaya maka sunan kayan shi ne mai son saye. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Ya isa ya ce "tsohon Parker ne, ba a yayinsa" ya yi shiru a kan sauran. Amsarsa ba ta da ƙwari, domin ba za ka iya kai ta gaban wani ba. Haɗari na biyu shi ne "bar shi a nan in nuna wa maigidana". Bakin Pelikan da na Parker 45 kwancewa suke da hannu cikin daƙiƙa kaɗan, murfi ma ana musanyawa. Ba na cewa kowa haka yake, amma ba a ba kura ajiyar nama don a gwada imaninta. In dole ne ka bari, ɗauki hoton kowane sashe a gabansa, da shaida.

Dillali na da rana, amma bayan ka san samfuri. A lokacin tayinsa ya zama ma'auni, kuma ku yanke la'ada tun kafin kaya su bar hannunka.

Kantin da kamfani ya amince da shi

Wannan kusan na Montblanc ne kawai. Tsofaffin masana'antun Parker da Sheaffer na Amurka an rufe su, ta Sheaffer a 2008, kuma babu wanda zai duba maka alƙalamin 1955 a hukumance. Kantunan da ke wakiltar Montblanc a manyan birane suke, irin su Legas. Yadda abin ke tafiya, ana karɓar alƙalami ne a matsayin gyara, sau da yawa a tura shi waje, a yi makonni. Ba sa gyara jabu, don haka takardar gyaransu hujja ce mai ƙarfi. Amma ba sa yi maka farashi, kuma suna iya cire tsohon sashe su sa sabo, wanda a wurin masu tara kayan da rage daraja ne. Ga kuɗin tafiya, ga na gyara, ga fargabar aike. In ba 149 ko 146 ko wani na musamman ba ne, kuɗin hanya zai cinye ribar.

| Hanya | Kuɗi | Ƙwarin amsa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Duba da kanka | Kusan babu | Mai kyau kan samfuri, rauni kan jabu | Sai haƙuri da ido | Fasa roba in ka tilasta |
| Hotuna ga masana | Data | Mai ƙarfi in hoto ya fito | Sai sabis da mai Turanci | 'Yan damfara a saƙon sirri |
| 'Yan gwal | Kuɗin mota, wani lokaci na gwaji | Gwal kawai, ba samfuri | Mai sauƙi | Lalata baki, sayarwa a nauyi |
| Dillali | La'ada | Rauni | Mafi sauƙi | Karya farashi, musanya sashe |
| Kantin kamfani | Mai yawa | Mafi ƙarfi | Mai wuya | Ɓata a hanya, canjin tsohon sashe |

Wace ta dace da wa

Wanda ke riƙe da kayan gado, da marayu ko mata a cikin magada: duba da kanka, sannan hotuna ga masana, ka adana amsoshin, ka karanta wa kowa kafin a kira mai saye. In ra'ayi ya rabu a kan farashi, a nemi tayi biyu ko uku a gaban shaidu, ko wani magajin ya ɗauka a kan ƙimar da aka amince a cire daga rabonsa.

Wanda buƙata ta matsa, taki ko asibiti, kuma ba zai iya jiran mako ba: ko awa ɗaya ce ka ba duba da kanka. Ka shiga wurin dillali kana cewa "Parker 75 ne na azurfa, bakinsa 14K", ba "wani tsohon alƙalami" ba. Ka ji tayin mutum biyu aƙalla, kuma kada ka sayar a dunƙule. Kowanne da kuɗinsa.

Wanda dubawarsa ta nuna Hero, Jinhao, Parker Vector ko 45 mai bakin ƙarfe: kada ka ɓata kuɗin mota. Wanke shi, sayi kwalbar tawada, ka ba ɗalibin gidan ko ka riƙe don tunawa da mai shi.

Wanda alamu suka taru a kan 149 ko 146, masana suka ce ga alama na asali ne, kuma mai sayen da ke Abuja ko Legas yana neman hujja kafin ya biya: nan ne kaɗai kantin kamfani ya cancanci wahalarsa, shi ma sai ka ce a sanar da kai kafin a canja kowane sashe. In akwai kwalinsa da 'yar takardar garanti a adaka, haɗa su, suna ƙara kuɗi.

Wanda alƙalaminsa ya riga ya mutu, gangar jiki ta fashe, murfi ya ɓata, baki kaɗai ya rage: kafin ka nufi 'yan gwal, nuna hoton bakin ga masana, domin lafiyayyen bakin 149 ko na Pelikan yana da masu nema a matsayin kayan gyara. In shi ma ya karye, to sikeli.

Mai sana'ar saye da sayarwa da ke tsintar irin waɗannan a kasuwannin ƙauye: sayi gilashin masu agogo naka, ka ajiye hotunan samfuran asali a waya don kwatantawa ko babu sabis. Kuma idan za ka sayar, faɗi abin da ka gani: tsagar da ke bakin murfi, sunan mai shi da aka zana a jiki, famfon da ba ya ja, bakin da ba na gidansa ba. Sunan da aka zana yana rage farashi, gogewa da ƙarfi don a ɓoye shi ya fi ragewa.

Namu ukun, ɗaya ya fito Hero, yana hannun autar gidan. Wanda aka kai shago Parker 51 ne ɗan Ingila, an sayar da shi da aibinsa a bayyane, a ƙasa da abin da zai yi da ba a taɓa shi ba. Na ukun, wanda Kawu ya ce na hajji ne, 146 ne mai W.-Germany a zobensa, babu siriyal, famfonsa ya saki bayan kwana biyu a ruwa. Gwaggo ta ce a dakata da shi sai bayan kaka.